Hannaye a Bangon Masaƙa

Litinin, 6 ga Oktoba

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa wata rana, ya yi mini afuwa. Ban rubuta don in dami kowa ba. Magana ce ta tsaya mini a rai, ni kuma ba mai ɗaga murya ba ce, to gara takarda ta ɗauka.

Yau Manaja ya kira ni ofis. Shekara goma sha tara ina duba yadi a masaƙar nan, ban taɓa zama a kujerar ofishinsa ba sai yau. Har da kawo mini ruwan sanyi. Tun daga ruwan na san babu alheri.

Maganar zanen nan ce na bangon ɗakin cin abinci. An kafa kwamiti daga sama, za su zo ran ashirin da biyu ga wata, suna son sunan duk wanda ke cikin zanen. Sun gwada da hotunan katin aiki, ko fuska ɗaya ba ta dace ba. Sai wani ɗan neman gindin zama ya raɗa musu cewa ba fuska za a duba ba, hannu za a duba, kuma mutum ɗaya ce ta san hannun kowa, wato ni.

“Inna, kowa ya shaide ki, ba kya ƙarya,” in ji Manaja, har da murmushi. Za a rantsar da ni. Wanda na ambata, kora. In na ƙi, ni ce a waje.

Na ce na ji. Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Ruwan ban sha ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Bari in rubuta yadda abin ya faro, ko zuciyata ta sauka.

A watan bakwai gwamnati ta faɗi, muna kwana hamsin da ɗaya cikin yajin aiki, ƙofar masaƙa a garƙame. Ranar da rediyo ta sanar, masu gadi da kansu suka zare sarƙa, Manaja ya sulale ta baya ko hularsa bai ɗauka ba. Mutane suka cika fili. Ana dukan gangunan rini, ana kaɗa jiniya ba lokacinta ba, wasu sun warware bandir guda sun ɗaga shi sama suna zagayawa a ƙarƙashinsa. Ni ina gefe wajen famfo. Ban yi rawa ba, ban yi ihu ba.

Sai ƙungiyar ma'aikata ta ce a yi abin tunawa. Aka ba Mai Zane, wanda ke zana mana furannin yadi a bene, bango guda da gwangwanayen fenti. Sati uku yana kan tsani. Ni tun lokacin na ce ba da ni ba. A makarantar allo ba a koya mana son surar mai rai a bango ba. Na daina cin abinci a ɗakin, nake ci a bakin teburina. Sau ɗaya na leƙa, na kau da kai.

Wata biyu da 'yan kwanaki, waɗanda aka fitar ta ƙofa suka dawo ta taga. Manaja ya dawo da sabuwar hula. Shugabannin ƙungiya, masu hawa tebur suna jawabi, kowa ya yi ta kansa. Bango ne kawai ba shi da ƙafar gudu.

Maganar hannu kuwa, wanda bai yi aiki a nan ba ba zai gane ba. Daga jiniyar safe zuwa ta yamma takunkumi ne a fuskar kowa saboda ƙurar auduga. Ƙarar injuna ba ta barin magana, da hannu muke yi: zare ya tsinke, zo nan, lokacin salla, Manaja na tafe. Mai Zane ta gilashin bene yake hango mu, hannaye kawai ya sani. Fuskokin daga kansa ya ƙirƙiro, hannayen kuwa ya kwafo su kamar ya yanko ya manna. Ni kuma kowane bandir a teburina yake ƙarewa. Mai shi ya dafa shi da hannu biyu, ni ina bi da alli ina neman aibi. Shekara goma sha tara ina kallon hannayen nan.

Wa ya aike shi? Furanni aka ɗauke shi ya zana. Da ya zana furanninsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Magana ta fita. Yau mata uku sun wuce ni hannuwansu cikin mayafi, kamar masu jin sanyi. Wani ya kawo bandir ya turo shi da gwiwar hannu.

Uwar Biyu ta sashen rini, wadda muka fara aiki rana ɗaya da ita, wadda na yi jinyar tagwayenta lokacin ƙyanda, ta tare ni a wajen alwala. Ba sallama.

“Sikeli, za ki faɗa?”

Na ce ban san abin da zan yi ba tukuna.

“Kin sani mana. Ke da kika ja wa bandir ɗina alli ranar da na dawo daga binne uwata.”

Rinin ya yi dabbare-dabbare, me zan yi? In wuce shi, a sayar wa wata baiwar Allah ta ɗinka ta wanke ya zube? Tun ranar suka laƙaba mini Sikeli, wai ba na sanin na gida. Na ɗauka wasa ne. Ashe shekara takwas tana riƙe da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ta roƙe ni ba. Ta riga ta yanke mini hukunci. Hannunta kuwa shuɗi ne har wuyan hannu, sabulu ya gaji da shi. Ko makaho ya laluba zai gane shi a bangon.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Mutum biyu suka amsa gaisuwata yau. Ɗaya kurma ne.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na gaya wa Malam, maigidana. Yana kwance a tabarma saboda bayan nan nasa da ya hana shi tuƙi shekara uku. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce abu mai sauƙi ne, in ce idona ya yi rauni.

Na ce idona lafiya lau, jiya ma ni na zura masa zare a allura.

“To gaskiyar taki za mu ɗora a tukunya? Auta saura shekara ɗaya ta gama karatun jinya. Ko dai ki ce ba ki gane ba, ko ki faɗa musu ki huta. Ke kika ce su yi rawa?”

Wato duk wadda na ɗauka a cikin biyun daidai ne a wurinsa, muddin ina fita da safe. Shekara ashirin da shida yana yabona gaban 'yan'uwansa, wai matarsa ko canjin kuskure aka ba ta sai ta mayar. Yau da abin ya zo ƙofar gidansa ya zama taurin kai.

Na shiga kicin na kankare tukunyar da ba ta da datti.

Litinin, 13 ga Oktoba

Mai Zane ya jira ni a tashar mota bayan an tashi. Shi tun makon jiya aka sallame shi. Sun tambaye shi sunaye ya ce daga kansa ya zana, ba su yarda ba, ba su kuma da hujja. Ya rame. Har yanzu da fenti a ƙarƙashin faratansa.

Ya durƙusa har ƙasa, mutane na kallo. Inna kaza, Inna kaza, don Allah ki ce ba ki gane kowa ba.

Ban san ina da irin muryar nan ba. Na ce, “Kai ka zana gaskiya don a tafa maka, ni kuma in yi ƙarya don in share bayanka? Da kake auna yatsun mutane kana kwafa, wa ka tambaya? Ka tambayi Uwar Biyu? Ka tambaye ni?”

Ya ce shi bai yi don a tafa masa ba. Wai ranar nan ce kaɗai ya ga hannayen nan a sama ba su riƙe da komai na kowa ba, ya ji tsoron kada a manta. Ya ce ya roƙi masu gadi su bar shi ya shiga ya shafe, sun ce an kulle ɗakin, mabuɗi na aljihun Manaja.

Na ce wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Motata ta zo na shiga. Sai da muka yi nisa na tuna ban ce masa ya tashi ba. Wannan kam ban kyauta ba, amma ban huce ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na je wurin Yaya bayan la'asar, tunda shi ne mai karatu a gidanmu. Na shimfiɗa masa komai. Ɓoye shaida laifi ne, haka aka karantar da mu. Ƙarya laifi ce, balle a kan rantsuwa. Miƙa wa azzalumi wuƙa shi ma laifi ne. To ta ina zan bi?

Ya yi ta shafa gemu. Ya kawo wannan ya kawo wancan, ya ce malamai sun yi sassauci inda za a ceci mutane. Daga ƙarshe ya ce duk abin da suka tambaya in ce Allah ne masani.

Na ce, “Yaya, Allah ne masani, amma ai ni ma na sani.”

Ya yi dariya har da tari. Wai tun ina yarinya haka nake, ni ce na zubar da tawadar malaminmu ba wanda ya gani, na je na kai ƙarar kaina, aka zane ni. Na ce ba dariya na zo nema ba. Ya ce, “To ƙanwata, amsar da kike so ba ta wurina. Kin zo ne in ɗauke miki kayan, kuma ba zai ɗauku ba.”

Kuɗin mota kawai na ɓata.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Inna lillahi. Yau saura ƙiris a yi asarar hannu.

Wani mai wayo ya ba da shawara kowa ya riƙa sa safar hannu. Da safe rabin sashen saƙa da safa, a gaban injin da ko zobe an hana sawa kusa da shi! Kafin azahar inji ya cafke safar Huɗu-da-Rabi, dattijon nan da ya riga ya ba inji rabin yatsa tun kafin in zo. Allah ya sa safar ta yi masa yawa, ta zare ta tafi ita kaɗai. Fatar bayan hannun ta saluɓe.

Ni na ɗaure masa da ƙyallen teburina. Yana zufa yana cewa, “Inna, da yau sai ki canza mini suna, Uku-da-Rabi.” Na ce ya rufe mini baki. Na ce wa za ku ɓoye wa? Kwamitin da bai san hannunku ba, ko ni da na san shi tun kuna da gashi baƙi?

Ya ce a hankali, “Jikoki biyar ne a gabana, Inna.”

Tsorona ne ya sa dattijo ya kai hannunsa bakin inji. Tsoron ni. Ni da ko kazar maƙwabta ban taɓa jifa ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na gwada. Na tsaya a kicin na fuskanci bango na ce, “Ban gane kowa ba.” Sau uku. Ya fita, ba wai bai fita ba. Amma ji na yi kamar na sa rigar wata ba a wanke ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Manaja ya zo teburina da kansa. Wai ya tausaya mini, ya yi magana da na sama, ba sai na faɗi duka ba. Goma sun isa. Ni zan zaɓa.

Abin da zan rubuta yanzu ban gaya wa kowa ba. Yana juya baya na sami kaina ina zaɓa. Wanda ya zage ni bara a kan alli. Wadda ta ce da ni munafuka a wajen alwala. Mai raɗa wa Manaja magana, shi ma ai hannunsa na bangon. Kafin in farga na kai bakwai, kuma wallahi da daɗi na ji.

Astagfirullah. Ashe abin da suke so su mai da ni ke nan, kuma ashe akwai wurin zamansa a cikina. Wannan ne ba zan yafe wa mutumin nan ba.

Gobe ne.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ƙarfe goma aka buɗe ɗakin. Su uku a bayan tebur, na tsakiya mai tabarau, ga Manaja a tsaye da mabuɗi. Aka ce in matsa kusa da bango in duba da kyau kafin a fara.

Yau na fara ganinsa, gani na sosai. Ya fi yadda na zata girma. Bandir ɗin nan ja ya ratsa sama daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ƙarƙashinsa hannaye ne ko'ina, a buɗe, a sama. Fuskokin ba na kowa ba ne, duk hanci iri ɗaya. Amma ga shuɗin hannun Uwar Biyu tana dukan gangar rini. Ga Huɗu-da-Rabi ya ɗaga takunkuminsa yana kaɗawa. Ga mai tabon ƙuna, ga mai karkataccen babban yatsa, ga yarinyar da ke cin farce. Talatin da ɗaya. Ina bi ina ƙirgawa kamar yadda nake bin yadi, har aibi na tsinta, uku.

Can gefe wajen famfo, mace ta ba da baya, ba fuska. Hannu biyu da farin alli a yatsu. Suna tafi.

Na tsaya. Na so in ce ƙarya ya yi mini. Amma na tafa. Sau uku ko huɗu, lokacin da sarƙa ta faɗi ƙasa. Na rubuta a nan cewa ban yi rawa ba ban yi ihu ba, kuma haka ne, tafin ne na tsallake.

Mai tabarau ya karanto rantsuwa, cewa zan faɗi duk abin da na sani. Na ce ya dakata, ranka ya daɗe, ba zan rantse a kan abin da ba zan yi ba.

Ya cire tabarau. “Wato ba ki gane su ba?”

“Na gane su. Talatin da ɗaya ne, na san kowa da injin da yake tsayawa.”

“To bismilla.”

Na nuna wajen famfo na ce waɗannan nawa ne, a rubuta. Sauran ba zan faɗa ba.

Ya ce na san abin da wannan ke nufi? Na ce Manaja ya yi mini bayani tun ran shida ga wata, har da ruwan sanyi. Na gefen hagu ya yi dariya ya mai da ita tari. Manaja ya fara, Inna ki yi wa kanki faɗa, Inna ki tuna 'yarki. Na ce kada ya ƙara sa 'yata a bakinsa. A hankali na faɗa, amma ya ji.

Sun yi ta juya tambayar, ta gaba ta baya, kusan awa guda. Wannan shuɗin fa? Ai sashen rini mutum goma sha huɗu ne, ranka ya daɗe, duk shuɗi ne, kuma na ce ba zan faɗa ba.

Kafin azahar takardar sallamata ta fito. Na bi ta tsakiyar sashen saƙa zuwa ƙofa. Injuna na ta ƙara, kowa idonsa a kan zarensa. Ko hannu ɗaya bai ɗagu ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na tashi na shirya har na ɗauki jaka, sannan na tuna.

Malam bai ce mini komai ba tun jiya. Da hantsi ya lallaɓa da bayan nan nasa ya dafa shayi ya ajiye mini a gefe, ya koma ya kwanta ya juya wa ɗaki baya. Sukarin ya yi yawa. Auta ban gaya mata ba tukuna.

Mutum talatin. Ko ɗaya bai taka ƙofar gidan nan ba. Ba don su na yi ba, na sani, amma duk da haka.

Litinin, 27 ga Oktoba

Uwar Biyu ta zo da yamma. Ta kawo mini kofina da guntun allina da na bari a tebur. Ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shigowa ciki.

Ta ce kwamiti ya tattara ya tafi, ba a kori kowa ba, zuwa yanzu dai. An shafe bangon da farin fenti ran Asabar. Sai da aka yi shafi biyu, wai shuɗin hannunta ya ƙi ɓoyuwa, yana ta leƙowa. Ta faɗa tana dariya, sai kuma ta sa gefen mayafi a ido. An sa wani yaron Manaja a teburina, komai aka kawo masa wucewa yake.

Da za ta tafi ta ce, “Ke dai Sikeli, ko likkafaninki aka kawo sai kin duba saƙarsa.” Ban san ko ban haƙuri ba ne. Ban ce na yafe ba. Na raka ta har bakin titi.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na sami ɗinkin gyara wurin wata mai shago, kwana uku a mako. Ba yawa. Auta ta yi kuka a waya, sannan ta ce za ta riƙa aikin hutu.

Aibin nan uku sun hana ni sakat. Bango ya tafi, ba wanda zai sake gani, amma aiki in ba a nuna wa mai shi kuskurensa ba ai ba a gama duba shi ba. Shi ya sa kawai na rubuta wa Mai Zane, Uwar Biyu ta san inda yake kwana. Na kwafe a nan don kada in manta abin da na ce.

“Bayan gaisuwa. Na duba aikinka. Rabin yatsan dattijo a hagu yake, kai ka sa a dama. Tabon ƙunar nan bai kai wuyan hannu ba. Kuma ka bar masu gadi biyu da suka zare sarƙa, alhali su suka fara. Ba cewa na yi ka sake ba, ra'ayina a kan zane yana nan inda yake. Amma in har za ka sake, kada ka yi a bangon wani. Ina da farin yadi shida a akwati, da kuɗina na saya, na duba shi da kaina babu aibi ko ɗaya. Fuska ba sai ka sa ba, dama ba ka iya ba. Wannan karon ka tambayi kowa kafin ka sa hannunsa. Nawa ka bar su yadda suke. Ranar nan a tasha na bar ka a durƙushe, ka yafe mini. Ka ba ni amsa da wuri, in san ko in fito da yadin.”